Ranar da Na Kasa Tashi a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Toranke ba, ko da kuwa na manta sunana. Lokacin ana kan ganiyar cinikin gyaɗa, ni kuma ina malamin sikeli a Gaya, ga agogo ga keke, ina jin duniya a aljihuna take. Abin da iyayena ba su sani ba shi ne, ni da abokina Lawandi mun fara leƙa wani gida a bayan tasha inda ake sayar da burkutu. Mu a lokacin wayewa muke kiran abin.

Ranar za ni gaida mahaifin Hajara, yarinyar da nake so kamar raina. Malam Idi sunansa, tsohon ma'aikacin ɗakin shan magani, an ce da ganin farko yake yanke wa saurayi hukunci. Lawandi ne ya raka ni, kuma tun daga Ajingi tsoro ya kama ni. Da muka kusa gari sai Lawandi ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya zaro goran burkutu daga buhu.

"Kurɓi ƙoƙo ɗaya, bakinka ya buɗe."

Na sha uku. (Wai ni mai dabara, har da tauna goro da citta don wari.)

Na tarar da Malam Idi da dattawa biyu a zaure. Na cire takalmi, na tsugunna, na kwashi gaisuwa tiryan-tiryan. Ya ce, "Madalla, tashi ka hau tabarma." A nan gizo ya yi saƙa. Na ce wa ƙafafuna mu tashi, suka ce ba da su ba. Zauren kuma ya soma juyawa a hankali.

"A'a Baba, nan ma ya isa," in ji ni.

Ɗaya dattijon ya gyaɗa kai. "Kai, yaron nan da ladabi yake! Samarin yanzu wa zai yi maka haka?" Sau uku ana cewa in tashi ina ƙi, su kuwa sai yabo suke ƙarawa. Har na fara jin daɗi.

Sai aka kira azahar. Kowa ya miƙe, Malam Idi ya miƙo mini buta da hannunsa. Ba yadda za ka karɓi butar suruki kana tsugune kamar mai shuka. Na yunƙura da ƙarfin tsiya, na yi gaba, na yi baya, na zube a kan ƙwaryar furar da aka kawo mini. Abin da ke cikina kuma ya biyo baya, a kan takalmin dattijon da ya fi yabona. Daga bayan zana na ji an ce "Innalillahi", kuma na gane muryar Hajara ce. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Malam Idi bai yi faɗa ba, wannan ya fi komai ciwo. Ya durƙuso, ya ja fatar idona ƙasa da ɗan yatsa, ya duba.

"Bai yi rawaya ba tukuna," ya ce. "Ɗan nan, na wanke gawar samari da yawa da hanta ta kumbura musu ciki kamar tulu. Ba zan ba 'yata takaba ba. Je ka. In damina ta zagayo ka dawo in sake dubawa."

Na daina daga ranar. Lawandi ya yi mini dariya ya ci gaba, kuma bai kai shekara talatin ba, Allah ya jiƙansa. Da na je duba shi, idonsa na fara kallo.

Da damina na koma. Malam Idi ya duba idona, sannan ya sa na tsugunna na tashi sau goma a gaban dattawan nan, ya ce a sa rana.

Na dai koyi cewa tsoron suruki bai taɓa kashe kowa ba, maganinsa ne ke kisa. Yau ga jikoki cike da gida, amma in gwiwa ta riƙe ni na daɗe ban tashi daga tabarma ba, sai Hajara ta leƙo ta ce, "Malam, ladabin ne ya motsa?"