Yadda Za Ka Rage wa Motar Surukinka Tsawo

Duk wanda ya bi matakan nan, na yi masa alkawarin rufin a-kori-kurarsa zai sauko ya kwanta luf, har 'yan taron motoci na ranar Asabar a Bakersfield su daina kiransa ɗan kallo. Ni ƙwararre ne, na yi sau ɗaya.

1. Samo motar da ba taka ba

Ta marigayi surukinka ta fi dacewa, wadda matarka ta gada, take kuma gogewa da hannunta. Loretta, wato matarka, ko ma mene ne sunan taka, za ta miƙa maka makulli ta ce fenti kawai ta yarda a sake. Ka ce to. Mu masana mun san fenti daga yanke rufi yake farawa.

2. Nemi mashawarci

Wanda bai taɓa yin walda ba ya fi, don shi ba ya sa mutum fargaba. Maƙwabcina Chuy, mai sayar da inshora, ya zagaya motar da gwangwanin giya a hannu, ya ce rage inci uku aikin matsorata ne. "Cire huɗu, ɗan'uwa. In ba haka ba wa zai lura?" Ka cire huɗu.

3. Kada ka tokare bodin

Za ka ji wasu na cewa a fara walda sanduna daga ciki, wai don kada ɗakin direba ya baje in an ɗage rufi. Ɓata lokaci ne. Jira ranar da matarka ta tafi wajen yayarta a Fresno, ka ja layi da alli, ka sa wa ginshiƙan da ke riƙe da rufin zarto. Idan ka ji motar ta yi ajiyar zuciya, ƙofofin sun saki jiki, ka dubi Chuy ka ce dama haka ake so.

4. Mayar da rufin

A nan za ka gano ginshiƙan a karkace suke, don haka rufin ya koma hular yaro a kan babba: in gaba ya zauna, baya ya wangame. Kada ka karaya. Tsaga shi biyu, ka toshe giɓin da murfin tsohon injin wanki, sauran kuma fila, ƙullin cike ramin mota, ta rufa maka asiri. Gilashin baya ba ya yankuwa, amma ba sai ka tambayi kowa ba, shi da kansa zai sanar da kai. Tanadi tsintsiya.

5. Tarbi mai motar

Ka shirya wa ihu, ka haddace amsoshinka. Ba za ta yi ihun ba. Za ta ja ƙofar direba, ta shafa ginshiƙin da ke bayan ƙofar daidai inda ka yi walda, sannan ta durƙusa gaban tarin ƙarafan da ka yanke tana tonawa da hannu. Can za ta ɗago wani guntu mai layuka na ƙusa, waɗanda ka ɗauka ƙarzuwar tsufa ce. Ashe duk ranar haihuwarta babanta yakan tsayar da ita jikin ginshiƙin nan, ya ja layi daidai kanta.

"Wendell," za ta kira sunanka a hankali, "ka yanke ni daga shekara sha biyu zuwa sha huɗu."

Kada ka ce za ka iya mayarwa. Na faɗa, kuma ban taɓa jin kunyar bakina irin ta ranar ba. Chuy kuwa a lokacin zai tuna ya bar nama a kan wuta.

Sanarwar kare kai

Marubucin nan ba ruwansa da ƙofar da ta ƙi rufuwa, ko gilashi, ko abin da zai samu aurenka. Mai ƙorafi ya same ni a gareji, nan nake kwana. Guntun ƙarfen yana kan teburin gefen gadon Loretta, a ɗakin da ni yanzu sai na ƙwanƙwasa.