Hisbar Guruf da Faifan Zurmi

Ba zan taɓa mantawa da makon da aka kai yarona yaye Zurmi ba, kuma ko na so in manta, matan Ƙaura ba za su bar ni ba.

Tun kafin komai ya faru akwai abin da ke cin raina: Inna, mahaifiyar maigidana da ke Zurmi. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, ba ta kuma taɓa yaba mini ba, kuma wannan shirun ne ya fi tsorata ni. In na je gaishe ta, kaina na ƙasa tun daga zaure har in fito (wallahi na fi sanin yatsun ƙafarta a kan fuskarta). Yanzu ga ɗan farina a hannunta. Za ta ce ya rame? Za ta ce ban iya raino ba? Ga hanyar Zurmi yadda ta koma, ba a bin ta don an ga dama. Baya ba goyo, gida tsit, sai na rungumi waya.

Muna da guruf a waya na mata masu sana'ar hannu, daga Ƙaura, Shinkafi, Zurmi har Jangeru. Ki sa hoton kayanki, mai so ta yi magana, a ba direba ya kai. Ni hular jarirai nake saƙawa. Babbar dokar ita ce: abin da hannunki ya yi kaɗai, ban da kayan kamfani. Hajiya Balki mai guruf ɗin ta sa ni cikin masu sa ido, ni da ko firamare ban gama ba, komai sai da saƙon murya. Amma ido kam Allah ya ba ni.

Kai, na yi kamu! Wata ta sa hular maza wai ɗinkin hannu, na ce ta juyo mana cikinta, sai ga zaren keke reras. Wata ta sa tabarma, na ja hoton na ja, na hango takardar kamfani manne a gefe. Nan aka laƙaba mini Hisba. Da na leƙo sai ka ji, “Hisba ta iso, kowa ta gyara mayafi!” Ina cewa su bari, amma a zuci daɗi kamar in tashi sama.

Ran nan da hantsi wata sabuwar lamba, ba suna ba hoto, ta sa faya-fayai. Ja, kore, shuɗi, suna ƙyalli. Zagayen nan daidai wa daida, babu inda ɗinki ɗaya ya fi ɗan'uwansa. Gabana ya buga don murna. Na sha ganin irinsu na roba a kasuwa. Ga babban kamu!

Ƙa'ida ita ce a fara bin mutum ta gefe a tambaye shi. Ina! Wa zai ga aikina a gefe? Na gyara murya na danna, cikin guruf, gaban kowa:

“Ke mai faifan ga, ki ji tsoron Allah, jihar shari'a muke! Wanga aikin inji ne, ko yaron goye ya gani ya sani. Ki turo bidiyo mu ga hannun da ya yi shi. In dai hannun mutum ne, ni da kaina zan aza su bisa kai in yi miki talla!”

Guruf ya ɗauka. “Sai Hisba!” “A cire ta!” Na ɗora tukunya ina taka rawa ni kaɗai a tsakar gida.

Ruwa bai tafasa ba bidiyo ya shigo.

Hannuwa ne na dattijuwa, da basilla da rinanniyar kaba. Ta soka, ta ja, ta naɗe, ta soka, da sauri kamar mai tsince wake. Irin faifan nan dai da na ce na inji ne, ga shi rabinsa bai ƙarasa ba. Na ce a raina ba komai, kuskure ne, sai a ba da haƙuri. Sai mai ɗauka ta sauke wayar ƙasa kaɗan.

Yatsun ƙafa.

Jama'a, na san yatsun nan. Na san babban mai tsagaggen farce, na san ƙaramin da ya hau kan ɗan'uwansa. Tun da aka yi aurena su nake gaisarwa. Ina cikin salati sai ga wani ɗan mutum ya tako dagwai-dagwai ya faɗa cinyarta, da hular da na saƙa da hannuna a kansa. Sai muryar Inna, a natse: “Angona, matsa kar basilla ta soke ka. Bari in nuna ma Hisba.”

Lambar ta Hassana ce, ƙanwar maigidana, sabuwar waya aka saya mata. Ta biyo da nata saƙon tana shaƙe dariya: “Matar Yaya, Inna ta ce a gaishe ki da aiki.”

Na sha jin ana cewa Inna na ɗinkin faifai, amma wa ya taɓa ɗaga kai ya duba? (Wanda ke rufe kwanon tuwon maigida ma nata ne. Kullum ina ɗaga shi.) Na yi wuf na goge saƙona, ashe tuni ya fita guruf ya zaga dangi. Hajiya Balki ta kira ni, ta kasa magana don dariya, ta kashe. Maigida ya dawo ya tsaya bakin ƙofa ya ce, “Salamu alaikum, ko Hisba na ciki? Takalmina na kamfani ne, in shigo?” Na fashe da kuka, shi kuma har da riƙe bango.

Da lokacin ɗauko yaro ya yi na roƙe shi ya tafi shi kaɗai. Ya ce Inna ta ce lallai da ni. Duk tsawon hanya fasinjoji na addu'ar a wuce daji lafiya, ni kuwa abin da ke gabana ya fi dajin.

Na durƙusa tun daga bakin ƙofa, idona a kan yatsun nan. 

“Ɗiyata, ɗago kanki,” in ji Inna. “Idon da ke gano zaren keke cikin waya, shi ne bai iya kallona?”

Na ɗago. Ashe tana da wushirya! Dariya take yi.

“Tun ina budurwa nake ɗinkin ga, ba wanda ya taɓa cewa aikina ya kai na inji sai ke. Na gode. Yaron ga kuma ya ji nono, ya ji wanka, Allah shi yi miki albarka.” Kafin in gama haɗiye wannan, ta juya ta ce, “Hassana, ɗauko mata kayan tallarta.”

Haka na fito da goyo a baya, tulin faya-fayai a ka, har bakin mota, Hassana na biye da ni tana kiran, “A sayi na inji!”

Har yau ina sa ido a guruf, kuma ina kamu. Sai dai yanzu ta gefe nake fara sallama, in tambayi mai kaya ’yar gidan wa ce, kuma a bidiyo ƙafa nake fara dubawa.

Roƙona gare ku biyu ne. Wadda saƙon nan nawa ke cikin wayarta, don Allah ta goge. Wadda kuma ke son faifai, ta yi mini magana. Na Inna ne, aikin hannu ne, ni ce shaida.