Rasuwar Kyamarar Baban Tsigi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, akasari na maigidanta, Maman Tsigi take sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babbar kyamarar gidansu, wadda ta cika a ƙasar waje ranar Talata da hantsi, tana da wata huɗu a duniya.

Marigayiyar ta shigo gidan ne bisa shawarar wani abokin Baban Tsigi da ake kira Gwani, mutumin da bai taɓa tafiya da yaro ko zuwa bakin titi ba. Shi ya ce ba a fita waje da wayar hannu kamar 'yan koyo. Maman Tsigi ta nemi ƙarama, aka ce mata ba ta san hoto ba.

Za a tuna da marigayiyar a kan nauyinta. A filin jirgi, wajen awon kaya, saboda ita aka fitar da rabin kunzugun Tsigi da rigar sanyinta guda. Za a tuna da natsuwarta, domin ba ta taɓa gaggawa ba. Kafin a cire mata murfi, a murɗa nan, a danna can, ta yi "zuuu", ta yi "tit-tit", Tsigi ta gama dariyar ta koma kuka. Ta bar hotuna dubu da ɗari biyu: gine-gine, tantabaru, ƙofofin mutane, da wani farantin abinci ta fuska tara. Tsigi ta fito a guda shida, huɗu ƙeyarta ce.

Ta kasance mai laulayi tun fil azal. Ba ta son yayyafi, ba ta son yashi, ba ta son yatsan yaro. In an fito da ita daga sanyin ɗakin otel sai idonta ya yi hazo, iyali su tsaya a rana suna jiran ta farfaɗo. Cajarta ma ta ƙi shiga soket ɗin ƙasar, sai da aka yi yinin farko cur ana neman mahaɗi.

Game da ajalinta, tunda zance ya yi yawa a dangi, kuma yau kwana tara Baban Tsigi yana amsa gaisuwar matarsa da ka, ga yadda aka yi. A tashar jirgin ƙasa, cikin cunkoso, Tsigi mai shekara biyu ta zare hannunta ta shige tsakanin ƙafafun mutane, a lokacin babanta yana durƙushe yana ɗaukar rufin tashar. Uwar ta cafko ta taku uku daga bakin dandamali. Da suka koma masauki, ba ta yi shawara da kowa ba, ta kwance maratayin kyamarar, mai faɗi ne kuma mai laushi, ta ɗaura shi a ƙugun 'yarta, ɗaya bakin a wuyan hannunta. Ta faɗa wa maigidan, ya gyaɗa kai yana goge gilashin kyamarar.

Washegari, a saman wata tsohuwar hasumiya, Baban Tsigi ya gama ɗaukar gari, ya saki kyamarar a ƙirji kamar yadda ya saba. Babu abin da ya riƙe ta. Ta sauka matakala talatin da ɗaya, kowace da sautinta, har ta yi "ƙwal" na ƙarshe a gaban mai sayar da tikiti. A wannan lokacin Tsigi tana leƙen wata taga marar ƙarfe, maratayin ya miƙe tsaf, kuma bai tsinke ba. Maman Tsigi ta shaida cewa wannan ne aikin kirki na farko da wani sashe na marigayiyar ya yi wa gidan.

Ta rasu ta bar batir biyu, da jaka mai aljihu goma sha ɗaya, da sanda mai ƙafa uku da ba a taɓa buɗe ta ba, da littafin bayani da ba a wuce shafinsa na takwas ba, da kuma murfin idonta, wanda shi kaɗai ya tsira ba ƙwarzane, don yana aljihun wando.

An iso da gawar gida naɗe a cikin tawul ɗin Tsigi, wanda ake roƙon a dawo da shi. Mai gyara ya duba, ya girgiza kai. Za a ajiye ta ranar Asabar a saman kabad, bayan tsofaffin akwatuna. Za a karɓi gaisuwa a falo daga ƙarfe huɗu, a yi magana a hankali saboda barcin yarinya. Gwani ya aiko da tasa ta waya, ta isa.

Masu tambayar wa za ta gaje ta, Maman Tsigi ta riga ta yanke hukunci. Sai wadda za ta shiga aljihu, a kuma danna ta da hannu ɗaya, domin ɗaya hannun, nata da na babanta duka, yana da mai shi.