Kallon Su da Damina

A shekarar samun 'yancin kai, ina sabon akawu a Birnin Kebbi, na ƙudura burge Baba Dauda, mahaifin yarinyar da nake nema a Pankshin. Na aika masa ya zo in kai shi Argungu kallon su, ranar da masunta ke faɗawa kogi gaba ɗaya. Ban taɓa gani ba, ban kuma tambayi kowa ba. Lissafi na yi irin na masu ilimi: inda ruwa ya fi yawa, nan kifi ya fi yawa. Sai na zaɓi tsakiyar damina.

Dattijon ya bar gonar accarsa cikin ciyawa ya taho. Motarmu ta kafe a laka wajen Ambursa, ya sauko da rigarsa ta zuwa coci muka tura. Da muka isa, kogi ya shafe fadama, babu kowa sai wani mai kwalekwale.

Na gyara murya na tambaye shi ƙarfe nawa za a fara.

Ya dube ni da tausayi. "Malam, wa yac ce maka ana su da damana? Sai rani, in ruwa ya janye. Amma kuna iya zama ku jira."

Baba Dauda dai ya ba ni 'yarsa, amma har ya rasu Sarkin Ruwa yake kirana. Yanzu jikokina sun gada. Da an fara yayyafi sai in ji: "Kaka, tashi, an fara su!"