Modem da Tarhon Ɗakin Ƙasa

"...da gajiyar hanya? Ko da yake wace gajiya, mutum ya zo a zaune a bayan babur kamar buhun gawayi."

"Lafiya lau, tsoho. Na zaci zan tarar an naɗe ka, ashe kana nan kana cinye rabon jikoki."

"Ni da zan aurar da jikokinki? Shigo, amarya. Ba sai kin sunkuya ba, tsayin naki bai kai nan ba."

Kakanta ne, mai kula da tashar ruwa da ke gindin dam, can inda duwatsu suka tare sabis ɗin wayar hannu. Shi amarya yake ce mata, mutanen gida kuma Injiniya, saboda gyaran kwamfuta ne aikinta. Kwamfutar tashar, wadda ke aika ma'aunin ruwa zuwa babban ofis ta layin tarho, ita ce ta mutu. Tun lokacin tsohon yake karanto musu ma'aunin da baki, su kuwa suka ce ba su yarda da idonsa ba. In na'ura ba ta dawo aiki ba, za su sallame shi su kawo wani. Ga damina ta yi nisa, ruwa sai hawa yake.

Rana tsaka ce, amma hadari ya sa ɗakin ya yi duhu. Bangon ya jiƙe, ƙugin injuna yana tasowa ta tafin ƙafa. Injiniya ta share abin da ya lalace ta zuba Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Allo ya kawo, madannai suka amsa. Modem, ƙarfen da ke sa kwamfuta ta yi magana ta tarho, shi ne ya ƙi ko motsi.

"Ya rasu?" in ji Kaka.

"Bai rasu ba. Direba ne ba shi da shi."

"Direba! Na ce a kawo min mai gyara, an kawo min 'yar kamasho. Kwandasta fa, shi ma za a nemo?"

"Direba ɗan rubutu ne da ke koya wa kwamfuta yaren modem. Wannan naka irinka ne, rabin ƙwaƙwalwa aka yi masa, sai an ciko masa sauran."

"To sauko da shi daga intanet ɗin naku mana."

"Sai da shi ake shiga intanet ɗin."

"Madalla. Makulli yana cikin ɗaki, ɗaki a kulle. Wannan shi ne karatun da aka tura ki?"

Ta kwance murfin kwamfutar, ta hure ƙura ta nufi fuskarsa da gangan, ta haska ta karanto lambar da ke jikin modem ɗin. Ta zaro filas daga jakarta, ɗan ma'ajin bayanan kwamfuta da ta ciko da direbobi tun daga gari. Na farko ya ƙi. Na biyu ya cika baƙin allon da ƙorafi, wai ba don wannan zubin manhajar aka yi shi ba. Ta gyara layi guda a ciki, ta sake haɗa shi, tana cizon leɓe. Can sai modem ɗin ya yi ƙas.

"Ka ji? Ya farka. Saura kai."

Ta ba shi umarnin kira. Maimakon ƙarar layi, ƙaramar lasifikar ta kawo wani sauti daban. Ɗigar ruwa ce, ɗis, ɗis, a cikin wuri mai faɗi. Allon ya rubuta cewa layi a riƙe yake.

"Tsoho, ka ajiye kan tarhon da kyau. Ko shi ma ya fi ƙarfin hannunka?"

Ya nuna mata da haɓa. Tarhon yana kan tebur, kansa a zaune daram.

"Akwai wani a layin nan?"

Kaka ya shafa igiyar makullin da ke wuyansa. "Akwai na ɗakin ƙasa."

Ta san labarin, a gida ba a cika tayar da shi ba. Dogo, abokin aikinsa, yana ɗakin ƙasa shekarar da bututu ya fashe. Ya kira sama yana tambayar inda ruwa ya kai, kafin a sauka ruwan ya cika ɗakin da shi a ciki. Tun ranar aka sa kwaɗo.

"Da safen nan na yi waya da ofis," in ji Kaka. "Layi garau."

"To ɓera ne ya ture shi." Ta ji muryarta ta yi siririya, ta gyara. "Wuce gaba. Kai ka riga ka ci zamaninka."

"A'a, amarya ce gaba. In an gan ki, ko mene ne zai gudu."

Tare suka sauka, kafaɗa na gogar kafaɗa a kan matakalar ƙarfe. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da suka haɗa hannu ya buɗe. Sanyi ya fito ya same su. Ta haska fitilar wayarta. Alamar tsohon ruwa tana jikin bango, sama da kan mutum. Ƙasa busasshiyar laka ce, babu sawun kowa, ko na ɓera. Tarhon yana manne a bango, kansa yana reto a igiya, a hankali, kamar yanzu aka sake shi.

"Girgizar injin ce," in ji ta.

Kaka ya kama kan tarhon ya mayar. Ya dubi tafinsa, ya nuna mata. A jiƙe yake.

"Injin naki har gumi yake yi?"

Ta yi ta'awizi a zuci, ta riga shi kaiwa sama.

"Ashe gajerun ƙafafu ma suna sauri," ya ce yana haki.

"Aiki nake da shi. Ba kowa ne ɗan zaman kashe wando ba."

Ta sake kira. Wannan karon layi ya kawo, modem ya danna lambobin, ya fara kukansa mai kama da ana yanka kwano. Kafin ya gama gaisawa da na ofis, sai ƙas. Kukan ya yanke. Ɗigar ruwan ta dawo, yanzu da wani abu a bayanta, ja da saki, ja da saki, kamar numfashi. Da idonta ta ga an mayar da kan tarhon nan.

"Kaka," ta ce. Rabon da ta kira shi haka har ta manta. "Direba ya zauna, aikina ya yi. Amma muddin ana ɗaga na ƙasa, ba abin da zai tafi. Sai an yanke wayar da ta sauka can."

Ya dubi siririyar wayar da ta bi bango ta shige ƙasa. Shekara da shekaru masu gyara suna cewa a cire ta, yana hanawa. Ya ɗaga tarhon tebur ya kara a kunne, ya daɗe yana saurare.

"Dogo," ya ce a hankali, "ruwa bai kai jan layin haɗari ba. Ina kallo. Ga yarinya ma ta zo, ta iya aiki, sai dai baki. Allah Ya ji ƙanka, ka huta."

Ya ajiye. Ya jawo durowa ya ɗauko filaya, ya datse wayar.

Injiniya ta danna. Modem ya yi kukansa har ƙarshe, ya yi tsit. Lambobin ma'auni suka fara gudu a allon, suna tafiya ofis. Ta jira ƙas ɗin nan, bai zo ba. Sai a lokacin ta lura ta damƙe hannun rigarsa.

"Sakar min riga, jaruma."

"Riƙe ka nake kada ka faɗi."

"Uhm. Ni ne ma na tsallake matakala bibbiyu."

"Ka dai faɗa. Wa ya tayar da mataccen ƙarfen nan?"

Ya goge ido da bayan hannu, dariya ta kuɓuce masa, gajeriya. Ya kama tafinta ya ɗora mata filayar, ya naɗe yatsunta a kai.

"Ke ce. Kin ci, amarya. Tafi da ita gari, ki yi nisa da ita. In tana nan, gobe zan mayar da wayar."