Yadda Mato Ya Yi Biko da Baitocin Waƙa

A garin Gawo Bakwai akwai wani manomi da ake kira Mato, yana zaune da mahaifiyarsa Inna Kulu da matarsa Lantana da jakinsa guda. Mato ba rago ba ne, ba kuma mugu ba. Matsalarsa ɗaya ce: abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya duba maka awaki, zai zauna ya dube su har su cinye waken maƙwabci, ya dawo ya ba ka labarin wadda ta fi ci.

Wata rana Lantana tana tankaɗe tana jin waƙar soyayya a wayarta, sai ta dubi mijinta ta ce, "Maigida, ko sau ɗaya ba ka taɓa faɗa mini magana irin ta waƙar nan ba. In ba ka so na, ka faɗa mini." To, Mato yana son ta kamar ransa, saboda haka bai ga abin faɗa ba, ya yi shiru. Ita kuwa ta ɗauki shirun nan amsa, ta ɗaure kayanta ta yi yaji zuwa gidan iyayenta a tsallaken rafi. Mato ya shiga damuwa ƙwarai, ya kuma rantse sai ya dawo da matarsa.

Wata rana ya tafi wurin Malam Ilu mai koyar da Hausa a firamare, ya kai kukansa. Malam Ilu ya kunna waƙar, ya kashe, ya ce, "Waƙoƙin zamanin nan da ake rainawa, in ka cire kiɗan baitoci ne masu kyau. Saurara." Ya riƙa karanto su a hankali Mato yana haddacewa. Daga ƙarshe ya ce, "Amma kada ka karanta wa mace baitin da ba gaskiya ba ne a wurinka." Baitin farko kuwa cewa yake: "Tun da kika tafi, ban ci ba, ban sha ba." Mato ya tuna ɗumamen da ya ci da safe, kunya ta kama shi. Daga ranar ya daina ci. Inna Kulu ta ɗauka ciwon shawara ne ya kama shi, ta ɗura masa jiƙon maɗaci, ya galabaita har jaki yana tafiya ya bar shi a baya. Da ta gaji ta ce, "Mato, cinye tuwon nan." Ya cinye tas, ya gyara baitin a ransa ya koma, "Ban ci ba, sai da Inna ta ce."

Wata rana ya kai ga baiti na biyu: "Zan tsaya a ƙofarku, ko ruwa ko rana." Ya ƙetare rafi ya je ya tsaya ƙiƙam a ƙofar surukansa. Surukin, Malam Barau, ya fito za shi gona. Kowa ya san miji in ya ga uban matarsa cire takalmi yake ya durƙusa, amma Mato yana tsaye kamar turke ya ce, "Ina kwana, Baba."

Malam Barau ya ce, "Gwiwarka ce ke ciwo?"

"A'a, Baba, waƙar ce ba ta kawo durƙuso ba."

Tsohon ya shige rai a ɓace yana cewa 'yarsa ba za ta koma gidan marar kunya ba.

Wata rana, ranar kasuwa, Mato ya ɗauko baiti na uku: "Zan gaya wa duniya sunanki." Duniya da yawa take, amma mutum ya fara daga inda yake. Ya bi rumfa rumfa, daga mahauta zuwa 'yan koli, yana tsayawa gaban kowa da fuskar nan tasa ta mai yunwa, ya ce "Lantana," ya wuce. Mutane suka ce lalle rasuwa aka yi. Kafin la'asar mata sun cika gidan Malam Barau da salati, sai ga mamaciyar tana daka. Lantana ta ji kamar ta nutse don kunya. Amma da ta ji cewa har direbobin tasha sai da Mato ya bi ɗaya bayan ɗaya, aka ga ta juya baya tana murmushi.

Wata rana kawun Mato ya ce abin ya isa haka, zai haɗa dattawa da goro a je biko yadda aka saba. Mato ya ce to, amma saura baiti ɗaya, kuma shi ba ya barin aiki rabi. Baitin ƙarshe cewa yake: "In ba za ki zo ba, inda kike nan ne gidana." Ya ɗora wa jaki tabarma da buta da fartanya, ya je ya shimfiɗa a zauren Malam Barau ya zauna.

Nan fa gida ya tsaya cik. Uwar Lantana ba ta haɗa ido da surukinta, ballantana ta ratsa ta gabansa, kuma ƙofar fita ɗaya ce, sai ta kasa zuwa rijiya. Malam Barau a zaure yake cin tuwo, kuma babu mai cin abinci gaban suruki, sai ya koma ci a ɗaki kamar marar lafiya. Korar baƙo kuwa abin faɗa ne a gari. Da randa ta ƙafe, tsohuwar ta kira 'yarta ta ce, "Lantana, don Allah fita ki kwashe mijinki, mu samu mu sha ruwa."

Lantana ta fito ta tsaya a bakin zaure. Mato ya miƙe ya karanto mata baitocin nan daga farko har ƙarshe, ba kiɗa ba rerawa. Ta sha jin waƙar nan a waya, amma ba ta taɓa jin ta daga bakin wanda ya aikata ba, sai idonta ya ciko.

Ta ce, "Sai kuma me waƙar ta ce?"

"Nan ta ƙare. Yanzu ban san abin da zan yi ba."

"Naɗe tabarmarka mu tafi gida."

Ya naɗe, ya ɗora wa jaki. Sun kai tsakiyar rafi sai ya tsaya cikin damuwa ya ce, "To gobe fa? Baitocin sun ƙare."

Lantana ta ce, "Gobe ni zan faɗa maka. Taho."