Ranar da Fankar Rumbun Albasa Ta Ƙi Juyawa

Har gobe ba zan manta da wata Talata a Aliero ba. A da, in na yi magana kan kwamfuta ba mai musa mini, tunda na yi aiki a Jamus da Malesiya (kuma ba na barin kowa ya manta da hakan). Yanzu kuwa da kaina nake neman a duba ni.

Mun haɗa wata na'ura mai auna zafin rumbun albasa, ta kunna fanka kafin albasa ta ruɓe. Manhajar na'urar da harshen C aka rubuta ta, tawa kuwa da Python. Na rubuta ɗan umarnin kunna fanka, na miƙa wa C adireshinsa: in zafi ya hau, kira wannan. Malama Hadiza, abokiyar aikina, ta duba ta ce, "Baba Malam, ba ka ajiye shi da suna ba, Python zai share shi." Na ce mata ai na girmi Python.

Ashe gaskiyarta. Python yana da mai shara a cikinsa, duk abin da ba a riƙe ba kwashewa yake yi. C kuwa adireshi kawai ya sani, ba ruwansa da ko an rushe gidan. A ofis gwajin minti biyu muke yi, shi ya sa asirina bai tonu ba.

A ranar Talatar, shugabannin manoma suka zo daga Jega da Maiyama don ganin gwajin a rumbun albasa. In sun gamsu, za a saka na'urar a rumbunansu. Na yi jawabin rabin awa, har da Jamusanci. Sannan na kara na'urar kusa da garwashi. Zafi ya hau, C ya kira, bai iske kowa ba. Manhajar ta mutu nan take. Fanka ko motsi.

Wani dattijo daga Sarandosa, Alhaji Umaru, ya cire hularsa ya shiga yi wa albasa fifita. "Malam, wagga tawa ba ta taɓa zuwa Jamus ba, amma ga ta tana aiki!"

Wurin ya ɓarke da dariya (ni ma na yi, don ba ni da wurin ɓuya). Malama Hadiza ta jawo kwamfutar, ta ƙara layi ɗaya tak, mai ajiye umarnin nawa da suna. Fanka ta tashi, ta watsa mini ɓawon albasa a babbar riga.

Manoma suka amince, bisa sharaɗin Malama Hadiza ce za ta saka musu.

Tun daga ranar, duk abin da na miƙa wa C ina riƙe da shi har ya gama, sannan in sake shi da hannuna. Kuma ba na fara jawabi sai fanka ta juya.